Katakon maɗaci zai yi teburi da ƙofa?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Ya sayi falankin maɗaci guda takwas, mai sayarwa ya ce masa mahogani ne, shi kuma yana so a yi masa babban teburi da ƙofofi biyu. Bayan sati uku da ajiye su sai ya tarar uku sun kantare, ɗaya ya murɗe, biyu sun tsage a baki. Da kafintansa ya gwada fere ɗaya daga cikin masu lafiyar, sai fuskar katakon ta riƙa tsigewa maimakon ta yi sumul. Abin da yake son sani shi ne: cutarsa aka yi, ko dama maɗaci ba katakon aiki ba ne?

Malam, maɗaci katakon aiki ne, kuma cikin katakan da na taɓa sa wa zarto kaɗan ne nake ƙauna kamarsa. Duk abin da ka lissafa na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Kusan dukkansa daga abu biyu yake fitowa: an ba ka katakon da bai bushe ba, sannan an tunkare shi kamar wani katako dabam saboda sunan da aka laƙaba masa.

Wanda ya ce maka mahogani ne bai yi ƙarya ba, amma bai gama faɗar gaskiya ba. Mahogani na asali itacen tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ne, masana na kiran jinsinsa Swietenia. Maɗaci kuwa sunansa a wurinsu Khaya senegalensis. Dangi ɗaya suke, dangin Meliaceae, wanda darbejiya ma a cikinsa take. Tun ƙarshen ƙarni na 19 'yan kasuwar katako suka fara kai itatuwan Khaya Turai suna sayar da su da sunan mahoganin Afirka, sunan kuma ya bi su har yau. Sai dai Khaya ba ɗaya ba ce. Wadda aka fi lodawa a jirgi ita ce Khaya ivorensis, ta dazuzzuka masu yawan ruwan sama, katakonta marar nauyi, mai sauƙin yanka. Maɗaci ɗan uwanta ne da ya tashi a ƙasa mai dogon rani, daga Senegal har Sudan da Yuganda, kuma katakonsa ya fi na duk 'yan uwansa nauyi da tauri. Idan sun bushe, mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi na ivorensis bai cika wuce kilo 550 ba, na maɗaci kuwa yana kai wa 700 zuwa 800. Falanki mai tsawon mita 3, faɗin santimita 30, kaurin santimita 5, na farkon zai yi kilo 24 ko kusa da haka, na maɗaci zai doshi 35. Kafintan da ya saba da mai laushin, ya zo ya kama wannan da irin hannun da ya saba, dole ya ce katakon gardama gare shi.

Sunansa na Hausa daga ɗacin ɓawonsa ya samo shi, kuma wanda ya taɓa yanka shi ɗanye ya san ƙurarsa ma takan bar ɗan ɗaci a maƙogwaro.

Yanzu ga maganar tsigewar fuska, domin a nan ne halin maɗaci yake. A yawancin itatuwa jijiyoyin katako a miƙe suke bin tsawon gungume. Maɗaci ba haka yake ba. Yakan yi wasu shekaru jijiyarsa na nannaɗe gungumen ta hannun dama, sai ya juya ya yi wasu shekarun tana nannaɗewa ta hagu, ya sake komawa dama, haka har ya girma. Idan aka tsaga shi falanki, sai ka samu layi-layi a fuska ɗaya: wannan layin jijiyarsa ta kwanta gaba, na kusa da shi tasa ta kwanta baya. Ka tura filen, wato ƙarfen da muke fere fuskar katako da shi, ta kowane ɓangare ka ga dama, rabin layukan za su yi sumul, rabin kuma kaifin zai shiga ƙarƙashin jijiyar ya ɗago ta ya ɓalle. Ka juya falankin, waɗanda suka yi kyau ɗazu su ne za su tsige. Kafintanka bai yi ganganci ba, abin da ya gani ke nan.

Amma wannan saƙar jijiyar da ke wahalar da mu ita ce kuma adon katakon. Ɗauki guntun maɗaci da aka goge da kyau, ka shafa masa ɗan mai da yatsa, ka fita da shi haske. Za ka ga ratsi-ratsi, wannan mai duhu, wancan mai haske, kamar zanen saƙi. Ka ɗan karkata shi, sai mai duhun ya haskaka, mai hasken ya yi duhu, kai ka ce katakon zurfi gare shi kana leƙawa ciki. Na yi shekaru ina ganin wannan, har yau kuma idan na sa man farko a fuskar teburi sai na tsaya na kalla kafin in ci gaba. Ba fenti ko rini da ke iya kawo shi.

Yadda ake shawo kansa ba ɓoyayye ba ne. Kaifi shi ne na farko: ƙarfen da zai yi aiki a katako mai laushi yana iya zama dakusasshe a wurin maɗaci, saboda haka a wasa shi har ya iya aske gashin hannu, kuma a koma dutsen wasawa akai-akai. Na biyu, a rage cin ƙarfen, ya riƙa ɗebo ɓawo siriri kamar takarda. A injin fere katako, masu harkar sun daɗe da sanin cewa rage kusurwar yankan wuƙa zuwa digiri 15 ko 20 na rage tsigewar sosai, tare da tura katakon a hankali. A filen hannu kuwa a matso da ƙarfen bayan wuƙar dab da bakinta, a kuma ƙuntata bakin filen, don ɓawon ya karye tun kafin ya ja jijiya. Inda duk wannan ya gaza, sai a koma ga kankara: ɗan fallen ƙarfe da aka tayar wa baki, ana jan sa a tsaye kan fuskar katakon, yana ɗebo gashi-gashi ba tare da ya damu da inda jijiya ta nufa ba. Daga nan samfefa, a fara da lamba 80 ko 100, a bi ta 120 da 180 a ƙare a 220, kada a tsallake. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya tsige fuska da zurfi sannan ya ce samfefa za ta gyara. Za ta gyara, amma sai ta bar kwari da tudu waɗanda ba za ka gani ba sai ranar da aka shafa banish haske ya faɗa a kai.

Kantarewa da tsagewa kuwa maganar ruwa ce, kuma ina roƙonka ka ba ni hankalinka a nan fiye da ko'ina. Itacen da aka sare ɗanye, ruwan da ke cikinsa yakan kai rabin nauyin busasshen katakon, wani lokaci ya wuce. Ruwan iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance a cikin ramukan katakon, shi ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canja girman falanki ko kaɗan. Akwai kuma wanda ke cikin naman jijiyar kanta. Sai laimar katakon ta sauko ƙasa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 wannan na biyun ke fara fita, a nan ne katako ke fara tsukewa. Shi ya sa falanki kan iya bushewa a ido da hannu, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙara, alhali bai ma fara motsin da zai yi ba. Ina kyautata zaton a wannan halin aka sayar maka da naka.

Kuma katako ba ya tsukewa daidai ta kowace fuska. A tsawonsa kusan ba ya raguwa. A faɗinsa yake raguwa, kuma raguwar da ke bin kewayen gungume ta fi wadda ke tafiya daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan bambancin ne ke sa falanki ya yi kwari kamar akushi. Abin sha'awa game da maɗaci shi ne bambancin nasa ba shi da yawa idan aka gwada da katakai da dama, wannan ne ma ya sa idan ya bushe sosai yake zama lafiya ba ya yawan motsi. Matsalarsa a hanyar bushewar take. Itace ne da sau da yawa gangarsa gajera ce, yakan yi rassa tun daga ƙasa. Ɗaya daga dalilan haka wata tsutsa ce, Hypsipyla robusta, da ke huda kan tsiron tun yana ƙarami, ta kashe shi, itacen ya fitar da kai biyu ko uku. Gungumen da ya tashi a karkace, ko babban reshe da aka yanka aka haɗa da na ganga, akwai ɗaurin ƙarfi a cikinsa wanda itacen ya yi don ya riƙe kansa. Da zarto ya ratsa, ɗaurin ya saki. Na sha ganin falanki yana buɗewa ko yana matse zarto tun ana cikin tsaga shi. Falankinka da ya murɗe, da wuya idan ba daga irin wannan wurin ya fito ba.

Tsagewar baki kuma dalilinta a fili yake: ruwa na fita ta bakin falanki da sauri ninkin ba ninkin fiye da ta fuska. Bakin ya bushe ya tsuke, cikin na nan da ruwansa bai motsa ba, sai bakin ya dare. Da an shafe bakunan da fenti mai kauri ko kakin zuma ranar da aka yanka, da yawancin wannan bai faru ba. Ka duba bakin waɗanda suka tsage ɗin kuma: idan cibiyar itacen, wato ainihin tsakiyar gungumen, na ciki, wannan falankin dama sai ya tsage, ko wane ne ya busar da shi.

Ga yadda nake jera katako. A inuwa, inda iska ke ratsawa amma rana ba ta dukansa kuma ruwan sama ba ya taɓa shi. A ɗaga shi daga ƙasa kamar tsawon kamu ɗaya a kan ginshiƙai da aka daidaita, domin idan gindin ya karkace duk jerin a karkace zai bushe. Tsakanin kowane falanki da na samansa a sa 'yan sanduna busassu masu kaurin santimita 2 zuwa 2 da rabi, tazarar santimita 40 zuwa 50, kowace sanda daidai saitin ta ƙasanta, ta farko da ta ƙarshe dab da baki. A ɗora nauyi mai yawa a sama. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a jingina falanki da bango a rana, fuska ɗaya na ƙonewa ɗaya na sanyi. Sauri ya haifi nawa, kuma a busar da maɗaci an fi ganin haka fiye da ko'ina.

Kada ka dogara da ƙidayar watanni, domin kauri da yanayi ke yanke hukunci. Akwai ɗan na'urar awon laima mai allura biyu, amma ko babu ita sikeli ya isa. Zaɓi falanki ɗaya ka riƙa auna shi kowane sati kana rubuta nauyin a jikinsa. Ranar da ya yi sati uku ko huɗu bai ragu ba, ya daidaita da iskar wurin. Idan kana son lamba, yanko guntu daga cikin falankin, ba daga baki ba, ka auna, ka gasa shi a zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, ka sake aunawa. Abin da ya ragu, ka raba da nauyin busasshen, ka ninka da 100. Iskar da laimarta ta kai kashi 65 tana barin katako a wajen kashi 12. Idan ta sauka zuwa 30, katakon zai sauka zuwa kusan 6. Idan ta hau 80, zai koma wajen 16. Ka ga ke nan babu ranar da katako ke gama motsi, duk shekara yana sha yana amayarwa tsakanin damina da rani.

Wannan ya kawo mu kan teburinka. Fuskar teburin maɗaci mai faɗin santimita 90, idan laimarta ta canja da maki 6 tsakanin damina da rani, za ta iya ƙaruwa ko raguwa da kusan santimita ɗaya. Ba ƙusa ko gam da zai hana. Teburin maɗaci na farko da na yi, na manne fuskarsa da gam a kan firam ta kowane gefe, na ƙara da sukuru, ina ganin ƙarfi na yi masa. Rani na farko ya tsage tun daga wannan baki har kusan tsakiya, tsagar da tsinke ke shiga. Mai teburin ya kira ni, na je na tsaya a kansa, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin katakon ba shi da laifi. Tun daga ranar nake ɗaure fuskar teburi ta ƙasa da 'yan guntayen katako masu harshe da ke shiga wani siririn rami a jikin firam, ko kuma da sukuru a rami mai ɗan tsawo, yadda za ta zame ta dawo. A kuma shafa wa ƙasan fuskar abin da aka shafa wa samanta, sau nawa aka shafa nan, sau nawa can. Sannan falanki huɗu ko biyar masu faɗin santimita 18 zuwa 22 da aka haɗa da gam sun fi biyu masu faɗi zama lafiya.

Ƙofa ma haka. Kada a yi ta da faffaɗan falanki biyu a buga musu katako a gicciye. A yi firam, a haɗa kusurwoyinsa da rami da harshe, a sa allunan tsakiya su zauna cikin kwarmi ba tare da gam ba. Dogayen katakan gefe biyu su ne ran ƙofa, saboda haka mafi miƙewar jijiya cikin abin da kake da shi nan za su tafi. Ƙofar maɗaci nauyi gare ta, hinji uku za a sa, ba biyu ba.

Wajen haɗawa ba ya ba da wahala. Yana karɓar gam da kyau idan fuskar sabuwar fera ce kuma an share ƙura. Yana riƙe sukuru gam, amma a fara huda masa rami, musamman kusa da baki, in ba haka ba ya tsage ko kan sukurun ya karye a ciki. Inda ruwa zai riƙa taɓawa a yi amfani da sukurun tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, kada baƙin tabo ya zagaye kowane rami. Ramukan fuskarsa manya ne, ido na ganinsu, don haka mai son sheƙi irin na madubi sai ya fara cike su kafin banish. Ni dai na fi son mai, a shafa siriri sau uku ko huɗu ana gogewa tsakani, don ya bar ratsin nan ya yi magana. Kuma kada ka bari a rina shi. Sabon yanka ja-ja ne mai haske, har mutum ya ce bai nuna ba, amma iska da haske kan mayar da shi ja mai duhu cikin watanni. Saboda haka a watannin farko kada a bar abu ɗaya a wuri ɗaya a kan teburin, zai bar hotonsa. Ƙurarsa kuma takan sa wasu atishawa da ƙaiƙayin fata, kafintanka ya sa takunkumi in zai goge.

Game da gara da ruɓa, zuciyar katakon, wato jan ciki, tana da juriya gwargwado, ta ma fi ta 'yan uwansa masu laushi. Farin gefen da ke kusa da ɓawo kuwa abincin gunda ne. Idan ka ga 'yan ƙananan ramuka da gari mai laushi na zuba a ƙasa, daga nan ne. A yanke farin a fitar, ko a sa masa magani, shi yana sha. Zuciyar ba ta shan magani sosai, saboda haka kada a ce an jiƙa ta an gama. A cikin ɗaki, ko a waje ƙarƙashin rufi, maɗaci zai yi shekaru masu yawa: kujeru, gadaje, kabad, matakala, daɓen ƙasa, firam ɗin taga, har kwale-kwale ana yi da shi, masu sassaƙa kuma na son sa don yana riƙe zane. Amma ginshiƙin da za a binne a ƙasa, ni ba zan zaɓe shi ba, kirya ta fi shi nesa ba kusa ba.

Akwai abu ɗaya da nake so duk mai sayensa ya sani. Manyan itatuwan maɗaci sun ragu, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana. A taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazana, da aka yi a Panama a Nuwamban 2022 an sa dukkan Khaya na Afirka a rukuni na biyu, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2023, ma'ana ba a fitar da katakonsa zuwa wata ƙasa sai da takardar izini. Ana shuka shi yanzu a gonaki a arewacin Ostireliya da Barazil da wasu ƙasashen Asiya. Itacen da aka ciro falankin santimita 30 daga zuciyarsa ya yi shekaru da dama a tsaye, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an bar irinsa a rana ya lalace cikin sati uku.

Falankanka takwas kuwa, ban ga wanda za a zubar ba. Yau ɗin nan a yanke bakunan da suka tsage, a wuce ƙarshen tsagar da kamar yatsa uku, a shafe dukkan bakuna goma sha shida da fenti. A jera su yadda na faɗa, masu kantarar a ƙasa inda nauyi ya fi, bayan kantarar na kallon sama. Da yake har yanzu akwai ruwa a jikinsu, wasu za su ɗan dawo. Ka fara auna ɗaya daga cikinsu daga wannan satin. Idan nauyin ya tsaya, a kai su ɗakin da teburin zai zauna su yi sati biyu ko uku. Wanda ya yi kwari a faɗi, a tsaga shi biyu ta tsawo, a fere kowane rabi, a sake haɗa su da gam, ba za ka rasa kauri da yawa ba. Wanda ya lanƙwashe a tsawo, a yanka shi gajeru ya zama katakan gicciye na ƙofa da na ƙarƙashin teburi. Murɗaɗɗen kada a yi gardama da shi, a daddatsa shi guntaye da ba su wuce santimita 50 ba a yi ƙananan alluna. Kuma ka gaya wa kafintanka kada ya fere su zuwa kaurin ƙarshe rana ɗaya: ya ɗebi kaɗan daidai wa daida daga fuska biyun, ya bar milimita 3 ko 4, ya sake jera su da sanduna su kwana huɗu ko biyar, sannan ya gama. Da wuya takwas ɗin su ishe ka teburi da ƙofofi biyu bayan an fitar da farin gefe da tsagaggun baki, don haka idan za ka ƙaro, ka je da kanka, ka duba bakin kowane falanki kada cibiya ta kasance a ciki, ka kuma ɗora ido a gefensa ka hango tsawonsa kafin a ɗauka.